Dariyar Tafinta

Mahaifin Auta tafinta ne a kotu har ya yi ritaya. Aikinsa ke nan tun kafin a haife ta: ya tsaya tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma, ya ɗauki maganar wannan ya miƙa wa wancan ba tare da ta zube a hanya ba. A gida ma bakinsa ba ya hutawa. Idan Mama ta ja tsaki a kicin, sai ya dubi 'ya'yansa ya gyara murya, ya ce, "Bari in fassara muku. Mai shari'a ta ce wani ya bar famfo a buɗe, kuma ta san ko wane ne."

Wata safiya ya shiga banɗaki, suka ji ƙarar faɗuwar bokiti, sannan shiru. Da aka ɓalle ƙofar aka same shi a ƙasa, bakinsa ya karkace, idonsa biyu amma ba ya amsawa. A asibiti aka ce jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke ɗif. Bayan an sallame shi aka kafa masa gado a falo, kusa da taga. Nan yake wuni yana kallon silin. A kira shi bai juyo ba, a ce ya ɗaga hannu bai ɗaga ba. A hankali mutanen gidan suka daina yi masa magana, suka koma yin magana a kansa.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, kuma sana'arta tace fim, wato yanka da haɗa hotunan da aka ɗauka. A wurin aiki Almakashi suke kiranta, don ba ta jin tausayin fitowar da ba ta da amfani, ko da an wuni ana ɗaukarta a rana. A watannin nan wani fim ɗin barkwanci ne a hannunta, labarin wani marar aikin yi da ya shiga ofis neman aiki ya yamutsa wurin. Ɗan wasan da ya ja fim ɗin, wani dogo ne siriri da ake ce wa Lilo saboda yadda yake tafiya.

Rigimarta da darakta a kan fitowa guda ce. Lilo ya ɗora kujera a kan tebur, ya hau zai gyara fanka don ya burge manaja, kujerar ta goce, ya rikito. Kyamara ta bi shi har ƙasa, ta tsaya a kan fuskarsa yana murƙususu.

"Wannan ita ce zuciyar fim ɗin," in ji darakta, yana buga bayan kujerarta. "Kar ki taɓa min ita."

"Ba ta ba da dariya, ranka ya daɗe."

"Ke ce dai ba ta ba wa. Almakashi, na girme ki a harkar nan. Kin san me ya sa ɗan Adam yake dariya? Mugunta. Ya ga wani ya zube a gabansa, shi yana zaune lafiya lau, sai ya ji ya fi wancan. Daɗin da ya ji shi ne yake fitowa ta baki. Tun da aka fara fim ake faɗuwa, ake dariya."

Ba ta yi musu ba. Ta kira masu aikin ofishin da ke kusa, ta kunna musu. Da Lilo ya daki ƙasa, wata ta ce "Wash!" ta kama ƙugunta, wani ya yi 'yar dariyar ganin ido don darakta na tsaye. Shi ke nan.

"Ba su ci abinci ba ne," darakta ya ce. Ya fita.

Ita kanta Auta ba ta tabbata ba ko fitowar ce ba ta yi ba, ko kuwa ita ce ta lalace. Duk lokacin da kujerar ta goce, ƙarar bokitin nan take ji.

Wata rana, ita ce da zaman gida. Mama na ɗaki ta ɗan kishingiɗa bayan abincin rana. Yayanta, babban ɗan gidan, ya biyo daga wurin aiki ya tsaya a tsakiyar falo, makullin mota a hannu, yana duban kantar littattafan Baba.

"Ƙamus-ƙamus ɗin nan ƙura kawai suke sha," ya ce. "Na yi magana da wata makaranta, za su zo su kwashe. Shi kuma gara a mayar da shi ɗakin baya. Baƙi na zuwa, ba daɗi."

"Yaya, a gabansa fa kake faɗa."

"Auta, ki daina yaudarar kanki. Baban da kika sani ya tafi. Jikin ne ya rage mana, mu kula da shi har Allah ya yi ikonsa." Ya yi saurin juyawa ya fita.

Ta dubi mahaifinta. Idonsa na kan silin kamar kullum.

Ta jawo ƙaramin tebur kusa da gadon, ta buɗe kwamfuta. Abin sauraronta na kunne ya mutu tun jiya, don haka ta bar sautin a fili, ta rage shi. Ta tsallake fitowar fanka, ta koma wadda ta gabace ta, inda manaja ke yi wa Lilo tambayoyin ɗaukar aiki. Babu tsalle, babu faɗuwa. Mutum biyu ne a zaune, tebur a tsakaninsu.

Manaja ya dubi takardu ta saman tabarau, ya ce, "Ka taɓa aiki a ƙarƙashin wani?"

"Sosai ma, yallaɓai," in ji Lilo. "Na daɗe ina aiki a ƙarƙashin wani babban likita."

"Masha Allah! Babban likita! Wane aiki kake yi masa?"

"Masa? A'a. Shi yana bene, ni ina shagon ƙasa ina facin taya."

Sai ta ji wani sauti a gefenta, kamar an ja tsohuwar kujera a kan siminti. Ta zabura tana zaton Baba shaƙewa ya yi. Ta sunkuya a kansa za ta ɗaga shi, sai ta ga fuskar.

Ɓarin hagu na bakinsa ya ja sama. Idonsa ya ƙanƙance, fatar gefensa ta tattare yadda take yi da can. Ƙirjinsa na tsalle a ƙarƙashin bargo. Kuma ba silin yake kallo ba. Kansa ya juyo, idonsa na kan allon kwamfutar.

Dariya yake yi.

Auta ta tsaya, hannuwanta a sama, ta rasa inda za ta ajiye su. Watanni ke nan ba ta ji muryar mutumin nan ba, ko da nishi ne, yau ga ta tana fitowa a kakkarye, a shaƙe, amma tasa ce. Irin dariyar nan tasa ce da ke farawa daga hanci.

"Mama!" ta ƙwala kira. "Mama, zo!"

Mama ta fito ba ɗankwali, tana salati, ta ɗauka ta faru. Ta tarar da mijinta yana sauke numfashi, hawaye a gefen idonsa, bakinsa har yanzu a karkace da murmushi.

"Me kika yi masa?"

"Ban yi masa komai ba. Dariya ya yi."

"Ke, ba na son shirme."

Sai Auta ta tura fim ɗin gaba. Manaja ya ce, "To a ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?" Lilo ya yi shiru, ya ɗaga kai yana tunani mai zurfi, sannan ya ce, "A madubi, yallaɓai, in dai ba a sace shi ba."

Ƙirjin Baba ya sake tsalle. Wannan karon har hannunsa na hagu ya daki katifa.

Mama ta zauna daɓas a ƙasa. Ta dubi mijinta, ta dubi allon, sai ita ma dariya ta ƙwace mata. Ta fara a hankali, ta yi ƙarfi, ta kai har tana riƙe ciki tana dukan gefen gado, alhali ba ta ma ji abin da Lilo ya ce da kyau ba. Can dariyar ta juye kuka, kukan ya sake komawa dariya. Auta ta durƙusa ta rungume ta.

"Ban san me ya same ni ba," Mama ta ce da ta samu numfashi, tana share fuska da gefen zani. "Wallahi tun ranar da ya faɗi akwai wani dutse a nan." Ta dafa ƙirji. "Ko kukan kirki ban yi ba. Yanzu na ji kamar an buɗe marfin tukunya."

Da yamma Yaya ya dawo, suka faɗa masa. Ya saurara, ya girgiza kai.

"Na karanta cewa masu irin ciwon nan sukan yi dariya ko kuka ba dalili. Jijiya ce kawai. Kar ku ɗora wa kanku abin da zai karya muku zuciya."

Abin haushin shi ne, likitar da ke zuwa duba Baba a gida, da ta zo washegari, ta ce Yaya bai yi ƙarya ba. Mace ce mai sanyin magana, aikinta koya wa masu shanyewar jiki magana da haɗiya. Ta zauna a bakin gado ta saurari Auta har ƙarshe.

"Yakan faru," ta ce. "Wani sai ya fashe da dariya ana yi masa allura. Don haka ba zan ce komai ba sai na gani. Amma faɗa min, a daidai ina ya yi dariyar? Mutumin faɗuwa ya yi? Ko ya murguɗa fuska?"

"A'a. A zaune yake. Magana ce kawai."

Likitar ta ajiye jakarta a ƙasa. "Magana kawai?"

"Wallahi."

"To ki yi min wani abu. Za ki iya sauya amsar? Ki bar komai yadda yake, amma ya ba da amsa irin ta kowa da kowa."

Wannan ai abincin Auta ne. Akwai wata fitowa da Baba bai gani ba tukuna, inda manaja ke tambayar Lilo ko yana da wani ciwo da ya kamata ofis ya sani. Ta lalubo wata kalma daga wani wuri ta liƙa, ta yadda Lilo ya amsa da cewa, "Babu, yallaɓai." Fuskarsa iri ɗaya, zamansa iri ɗaya, har tarin manaja na nan. Suka kunna. Baba ya kalla, fuskarsa ba ta motsa ba.

Yaya, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya sauke ajiyar zuciya. "Kun gani ko?"

"Yanzu sa ta gaskiyar," likitar ta ce.

Manaja ya sake tambaya. Lilo ya matso da kujera, ya rage murya kamar zai faɗi sirri. "Akwai, yallaɓai. Likita ya hana ni ɗaukar abu mai nauyi." Manaja ya ce, "Kamar me?" Lilo ya ce, "Kamar alhaki. Shi ya sa in abu ya ɓace, ba ni ba ne."

Sautin nan ya sake fitowa daga hancin Baba.

Likitar ta rufe bakinta da tafin hannu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a sake kunna ta jiya, ta babban likita. Wannan karon suka zuba wa fuskarsa ido. Manaja na cewa "Wane aiki kake yi masa?", tun Lilo bai buɗe baki ba, gefen leɓen Baba ya riga ya ja sama.

"Ya tuna," likitar ta ce a hankali. "Ya san abin da ke zuwa."

Ta juyo wurinsu, idonta na sheƙi. "Ku tsaya ku ji abin da mutumin nan ya yi yanzu. Kafin ka yi dariyar maganar nan, sai ka ji kalmar 'ƙarƙashi', ka ɗauke ta da ma'anar ubangida da yaronsa. Sai zuciyarka ta riga mai maganar yin gaba, ta shimfiɗa hanya, tana jiran ya ce shi malamin jinya ne ko direba. Sai ya kauce. A cikin ƙiftawar ido ka koma baya, ka tarar kalmar na da wata ma'ana, kuma ita ma ta zauna daidai. Wannan tuntuɓen da hankali ya yi, ya kuma miƙe bai ji ciwo ba, shi ne dariyar. Wanda ba ya fahimta ba ya tsammani, wanda ba ya tsammani kuwa ba a shammatarsa." Ta girgiza kai. "Na zo gidan nan ina ce masa ɗaga hannu, rufe ido. Ashe gwajin da ya fi nawa yana cikin kwamfutar 'yarsa."

"To me ya sa bai ɗaga hannun ba?" Mama ta tambaya.

"Wani lokaci saƙon yana shiga, hanyar fitarsa ce ta lalace. Wani lokaci kuma baƙin ciki ne. Mutumin da magana ce sana'arsa ya wayi gari ana ce masa rufe ido kamar jariri." Ta sunkuya kusa da shi. "Baba, ka yafe min. Kana jin mu duka, ko?"

Baba ya ɗauke idonsa daga allon. A hankali, kamar mai juya babbar mota, ya kai shi bakin ƙofa, ya tsayar a kan babban ɗansa.

Makullin mota ya faɗi daga hannun Yaya. Bai ɗauka ba. Ya tako ya durƙusa a gefen gadon, ya kifa goshinsa a kan hannun mahaifinsa mai lafiyar, kafaɗunsa na rawa. "Baba, duk ka ji? Duk abin da na ce?" Yatsun Baba suka motsa, suka kama kunnen ɗansa, suka ɗan murɗa. Ba wanda ya san ko rarrashi ne ko horo. Ba a sake maganar ɗakin baya ba.

Daga ranar aikin likitar ya sauya. Ta daina yi masa magana da ƙarfi kamar kurma. Takan kawo hotuna ta baje a kan tire, ta ce ya nuna wannan, ya nuna wancan, shi kuma ya fara ba da haɗin kai, ko da yake a fuskarsa ana ganin yana ganin abin raini ne. Rannan ta jera masa hoton mota, da kofi, da agogo, da jaki.

"Baba, nuna min kofi." Ya nuna.

"Agogo fa?" Ya nuna.

"Ina jaki?"

Yatsansa ya tashi, ya yi shawagi a kan tiren, ya wuce hoton jakin, ya wuce gefen tiren, ya miƙe ya nuna Yaya da ke zaune yana yanke masa farcen ƙafa.

Likitar ta buɗe baki za ta gyara masa, sai ta ga idonsa. Falon ya ɓarke. Mama har da tuntsurawa, Yaya kuwa ya fi kowa dariya, yana cewa, "Na karɓa, Baba, na karɓa!" Auta kaɗai ce ba ta yi ba nan take. Tsayawa ta yi tana kallon mahaifinta. Ba kalma ko guda a bakinsa, hannu ɗaya gare shi, amma ya san abin da suke jira, ya ja su har bakin hoton, ya ɗan dakata daidai gwargwado, sannan ya kauce. Abin da ita take kwana tana lalube a gaban kwamfuta ke nan.

Tun daga nan ta mayar da shi abokin aiki. Duk fitowar da ta tace, sai ta kawo masa. In ya yi dariya ta bari, in ya yi shiru ta koma ta sake. Ta gano yana da tsauri fiye da kowane darakta. In ta bar shirun da ke gaban amsa ya yi tsawo, sai ta ga ya riga ya gano, ya taɓe baki. In ta gajarta shi da yawa, amsar ta zo tun bai gama shimfiɗa tasa hanyar ba, nan ma shiru. Tsakanin wannan da wancan akwai wani ɗan wuri da bai kai numfashi ɗaya ba, kuma a nan dariyar take zaune.

Fitowar fanka ce kawai ta ɓoye masa. Amma lokacin miƙa fim ya matso, darakta kuma ya ƙi sauka daga bakansa. Da ta ba shi labarin Baba, sai ya ce shi fa sai ya zo ya ga wannan sabon alƙalin. Ya zo da rana, ya gaishe da Mama, ya durƙusa ya gaishe da Baba, sannan ya ce a kunna masa fankar.

"Ranka ya daɗe, faɗuwa ce fa ta kwantar da shi," Auta ta ce ƙasa-ƙasa.

Baba ya daki katifa, ya nuna kwamfutar. Ya ji.

Ta kunna. Lilo ya hau tebur, ya hau kujera, kujerar ta goce. Da jikinsa ya daki ƙasa, kyamara ta sauka kan fuskarsa yana murƙususu, Baba ya runtse ido, ya kau da kai wajen taga. Mama ta tashi ta shige kicin.

Darakta ya sunkuyar da kai. "Kashe," ya ce.

"Akwai wata," in ji Auta. "Ɗaukar ƙarshe, wadda ka ce a zubar don Lilo ya kauce wa rubutun fim ɗin."

Ta riga ta tace ta a ɓoye. A wannan, kyamara ba ta bi shi ƙasa ba. Ta tsaya a kan manaja, sai ƙarar rikitowa kawai ake ji daga bayan tebur. Ɗan shiru. Sai ga hannun Lilo ya ɓullo daga bayan teburin riƙe da fiffiken fanka guda. Sannan shi kansa ya miƙe tsaf, ya kakkaɓe riga, ya gyara wuyanta, ya tsaya a gefen manaja ya fara yi masa fifita da fiffiken da dukan girmamawa. Ya ce, "An gyara, yallaɓai. Wannan ko an ɗauke wuta tana aiki."

Baba ya juyo tun a ƙarar. Auta ta ga jikinsa ya sandare a lokacin shirun nan, numfashinsa ya tsaya. Da hannun ya ɓullo da fiffiken, sai numfashin ya ƙwace, ya fito da dariyar da ba su taɓa ji ba tun ciwonsa. Gadon har girgiza yake. Mama ta leƙo da ludayi a hannu. Mutumin da faɗuwa ta raba da harshensa da rabin jikinsa, ga shi yana dariyar faɗuwa har hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Darakta bai yi dariya ba. Kallon Baba yake, bakinsa a ɗan buɗe. Sannan ya ce, "Kujera ɗaya, mutum ɗaya, faɗuwa ɗaya."

"Amma a wannan ya tashi," Auta ta ce. "Sai mun tabbata bai ji ciwo ba, sannan zuciya take sakin jiki."

"Duk da haka da 'yar muguntar a ciki," in ji shi, don ba ya son a ce an kayar da shi. "Kin ga fuskar manajan? Wa ba ya son ganin mai tabarau ya zama abin tausayi?" Ya shafa gemu. "Shekara da shekaru ina sa mutane dariya, na ɗauka na san abin. Yau na ga ban san ko daga ina take fitowa ba." Ya miƙe, ya riƙe hannun Baba da hannu biyu. "A bar taki, Almakashi."

Maganar Baba ba ta dawo duka ba. Da taimakon likitar ya samu 'yan kalmomi: "ruwa", "a'a", sunan da yake kiran Mama da shi, da wata kalmar zagi da ba wanda ya san ya iya. Ya koyi zama a keken guragu, ya koyi buɗe ƙamus da hannun hagu ya nuna kalmar da yake so. Baƙi suka koma zama a kusa da gadonsa suna ba shi labari, wasu ma har suna tanadar masa abin dariya tun daga gida.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin a sinima, Yaya ne ya turo kekensa, ma'aikatan wurin suka ba su gefen layin gaba. Auta ba ta zauna ba. Ta tsaya a jikin bango kusa da allon, ta juya masa baya, ta fuskanci jama'a. Fim ɗin ta san shi kamar tafin hannunta. Mutanen ne ba ta taɓa gani ba.

Hasken allon na sauka a fuskokinsu. Akwai tsofaffi, akwai 'yan makaranta, akwai wata mai goyo, akwai wani da kayan aikinsa a jiki bai ko je gida ba. Ba wanda ya san wani. Ta ga yadda suke yin gaba a kujerunsu tare, su riƙe numfashi tare, sannan abin ya fashe daga tsakiya ya bazu har bangon baya, kawuna na komawa baya, wani na dukan cinyar wanda bai taɓa gani ba. Duk cikinsu ba wanda ya yi niyyar yin dariya a wannan daƙiƙar, kuma ba wanda zai iya hana kansa. Ta jingina da bangon.

Da aka kunna fitilu, jama'a suka fara fita suna maimaita wa juna maganganun Lilo. Ta ratsa ta isa wurin iyalinta. Mama na gyara wa Baba hula. Ya ga Auta, ya kama hannun rigarta ya jawo ta kusa. Leɓensa ya yi ta kokawa da wata kalma, ta jira, Yaya ya jira, har mai share wurin ya tsaya da tsintsiyarsa.

"Ruwa," Baba ya ce.

Yaya ya ruga nema. Auta ta kama keken, ta tura shi a hankali ta bi bayan jama'a zuwa ƙofa.